Mita Biyu Tsakaninka da Kunkuru

Bahaushen da ke zaune a Sterling, a jihar Virginia, ya san binciken kaya ciki da bai. Filin jirgin sama na Dulles maƙwabcinmu ne, rugugin jirage ba ya yankewa a samanmu, kuma duk wanda ya taɓa dawowa daga Kano ko Yamai ya san ƙananan karnukan nan masu faɗin kunne da ake zagayawa da su tsakanin jakunkuna. Kilishi suke shinshina, da dambun nama, da ɗanyun 'ya'yan itatuwa. Amurka ba ta yarda a shigo mata da nama daga ƙasashenmu ba saboda cututtukan dabbobi, mu kuma mun ɗauki wannan a matsayin abin da ke tsakanin ƙasa da ƙasa.

A Guayaquil, birnin tashar jiragen ruwan Ekwado, inda na sauka bayan na ratsa ta Panama a kan hanyata ta zuwa tsibiran Galapagos, binciken bai gaza na Dulles ba, alhali ba ƙasar zan bari ba. Daga Ekwado jirgin zai tashi, a Ekwado zai sauka. Duk da haka sai da aka haska jakata, aka ɗaura mata alama, aka ba ni takarda in bayyana ko ina ɗauke da iri ko abinci, ko na shiga gona ko garke kwanan nan. Da muka kusa sauka, ma'aikatan jirgi suka buɗe ma'ajiyar kayan da ke saman kawunanmu suka fesa maganin ƙwari. A filin jirgin tsibirin Baltra kowa ya taka jiƙaƙƙiyar tabarma mai magani, sannan baƙo ya biya dala 200 kuɗin shiga, wanda dala 100 ne kafin Agustan 2024. Saboda ƙwayar iri guda ko tururuwa guda ake duk wannan ɗawainiya, kuma wanda ya zagaya tsibiran zai shaida ba a wuce gona da iri ba.

Tsibiran Galapagos suna cikin tekun Fasifik, kimanin kilomita 1,000 yamma da gaɓar Ekwado, a kan layin ikwaita. Duwatsu masu aman wuta ne suka ɓullo da su daga ƙarƙashin teku, ba su taɓa haɗuwa da wata nahiya ba. Duk mai rai da aka tarar a can, kakanninsa ko dai a kan fiffike suka zo, ko da iyo, ko a kan kututturen da ambaliya ta tunkuɗo daga nahiya, makonni cikin rana da ruwan gishiri. Kunkuru da damo sun iya jure wannan tafiya. Dangin damisa da dila na Kudancin Amurka ba su iya ba, shi ya sa dabbobin tudu masu shayarwa na asalin wurin ba su wuce jemagu da wasu ƙananan ɓeraye ba. Dabbar da ta yi zamani bayan zamani babu mai bin ta a ƙasa ba ta koyi gudu ba. Bishop ɗin Panama, Tomás de Berlanga, wanda igiyar ruwa ta janyo jirginsa nan a 1535 yana kan hanyar Peru, ya rubuta wa sarkin Sifaniya cewa da hannu ake kama tsuntsayen wurin. Shekara 300 bayansa, a 1835, Charles Darwin ya ba da labarin yadda ya ture shaho daga kan reshe da bakin bindigarsa.

Jirgin ruwan da muka shiga ƙarami ne, mai ɗaukar fasinja 16. Da dare yake tafiya, gari ya waye mana a gaban wani tsibirin, a zuba mu cikin kwalekwalen roba mai inji a kai mu gaɓa. Ba kyaftin ke zaɓen inda za a je ba. Hukumar gandun dajin, wanda aka kafa a 1959 kuma ya ƙunshi kashi 97 cikin 100 na ƙasar tsibiran, ita ke tsara wa kowane jirgi hanyarsa da lokacin saukarsa, kuma jirgin da ya ɗauki sama da baƙi 100 ba ya yawo a nan. Kowane rukuni na mutum 16 da jagoransa mai lasisi. Namu ɗan tsibirin Santa Cruz ne, ɗan masunci, mai fara'a a wurin cin abinci, marar sassauci da zarar an taka tudu. Kada ka sauka daga hanyar da aka kafa wa turaku, kada ka kai abinci tudu, kada ka ɗauki ko da tsakuwa, a wanke takalmi duk lokacin da aka dawo jirgi don kada irin wani tsibiri ya tsallaka wani. Sannan tsakaninka da kowace dabba mita biyu.

Sallah ba ta ba ni wahala ba. A kan ikwaita rana na fitowa wajen ƙarfe 6 ta faɗi wajen ƙarfe 6 duk shekara, saɓanin doguwar ranar watan Yuni a Virginia da ke kai isha'i kusan ƙarfe 10 na dare. Alƙibla arewa maso gabas take, kusan yadda muke fuskanta a masallacin ADAMS na Sterling, sai dai jirgin da ke kan anka yana juyawa da iska, dole ka duba kamfas kafin ka tayar.

A Seymour ta Arewa, wani busasshen tsibiri shimfiɗaɗɗe kusa da Baltra, dokar mita biyu ta fara gwada mu. Mu aka ɗora wa ita, tsuntsayen ba su san da zamanta ba. Wata tsuntsuwar teku mai dogon baki da ƙafafu masu shuɗin sararin sama ta yi ƙwanta a tsakiyar hanya, a kan ƙasa tsirara, babu sheƙa sai da'irar farin kashi da ta zagaye wurin da ita. Muka tsaya. Ta ɗago kai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta gyara zama a kan ƙwan. Mu muka ratse. Can gaba wani namiji yana neman mace: ya ɗaga ƙafar dama a hankali ya nuna mata, ya sauke, ya ɗaga ta hagu, ya miƙa baki sama, ya buɗe fikafikai, ya yi fito. Jagora ya ce daga kifin da yake ci shuɗin ke samuwa, ƙafar mai ƙoshi ta fi ta mayunwaci haske, kuma mace na lura da hakan. A kan busassun itatuwa kuma ga baƙaƙen tsuntsayen firiget, mazan sun hura wata jar jaka a maƙogwaro har ta rufe musu ƙirji. Gashinsu na jiƙewa, don haka ba sa sauka a kan teku. Sukan fizgi kifi daga saman ruwa, ko su tare wani tsuntsun a sama su matsa masa har ya amayar da abin da ya kamo.

Na girma inda in ka sunkuya kawai kurciya ta tashi, don ta san abin da yaro ke sunkuyawa ya ɗauka. A Sterling ma, inda barewa ta yi yawa har takan shiga lambunan mutane, in ka ci karo da ita a dajin shaƙatawa na Claude Moore ko a bakin kogin Potomac a Algonkian, kallo ɗaya za ta yi maka ta ɗaga farar wutsiya ta faɗa cikin itatuwa. Jikina ya saba da cewa ganina abin tsoro ne ga dabba. Tsayuwa gaban tsuntsuwar da ke kan ƙwanta, tana kallona ko gashinta bai motsa ba, ta ɗora mini wani nauyi. Na ji daɗi, amma nauyin ya fi daɗin yawa, domin a fili yake cewa babu abin da ke tsakanin wannan tsuntsuwa da halaka sai abin da mai tsayuwa a kanta ya ga dama.

Daga nan muka nausa yamma, muka zagaya Isabela, mafi girman tsibiran, zuwa mashigin Bolívar da ke tsakaninta da Fernandina. Kana kan ikwaita amma kana neman rigar sanyi. Igiyar ruwan Humboldt na tasowa daga kudu da sanyinta, wata kuma mai suna Cromwell na tafiya ƙarƙashin teku daga yamma, in ta bugi gindin tsibiran sai ta taso sama da ruwa mai sanyi cike da abinci. Daga Yuni zuwa Nuwamba hazo da yayyafi ke rufe tuddai. Wannan sanyin ne ya zaunar da fengwin a nan, tsuntsun da aka sani da ƙasashen ƙanƙara, sai ga shi tsaye a kan baƙin dutse cikin rana, tsayinsa kimanin rabin mita. Akwai kuma wani tsuntsun ruwa mai nutso da ya daina tashi gaba ɗaya. Fikafikansa sun ƙanƙance, amma in ya fito daga ruwa yakan baza su ya shanya yadda danginsa masu tashi ke yi. Babu shi ko'ina a duniya sai gaɓar waɗannan tsibirai biyu.

Fernandina ce autar tsibiran a shekaru, dutsenta La Cumbre ya yi aman wuta a Maris ɗin 2024. A Punta Espinoza, wuri ɗaya tak da ake barin baƙi su sauka, ƙasar narkakken dutse ce da ya daskare, baƙa ƙirin, a tattare a fashe kamar ƙanzon tukunya. Sai ka yi 'yan taku kafin idonka ya gane cewa rabin abin da ka ɗauka dutse ne yana numfashi. Damon teku ne, ɗaruruwa, kwance a kan juna. A duk duniya su kaɗai ne dangin ƙadangare da ke neman abinci a cikin teku. Manyan mazan sukan nutsa su kankare gansakuka daga duwatsun ƙarƙashin ruwa, sanyi ya ratsa su, su fito su baje a rana har jiki ya dawo. Gishirin da suka haɗiya ta hanci suke fitar da shi, shi ya sa kake jin atishawa ta ko'ina, kawunansu fari fat. Rayuwarsu a ɗaure take da sanyin ruwan nan. A shekarun da yanayin El Niño ya ɗumama tekun, irin 1982 zuwa 1983 da 1997 zuwa 1998, gansakukar da suke ci ta ɓace, yunwa ta yi ta kashe su, kuma a karon farkon an rasa sama da kashi 70 cikin 100 na fengwin. Masu bincike sun gano cewa damon da ya tsira yakan rage tsawo a shekarar yunwa, ya sake miƙewa in abinci ya dawo.

Na shiga ruwan da rigar roba da gilashin ido da bututun numfashi. Sanyi ya fara ɗauke mini numfashi, sannan na hango kififiyar teku ƙarƙashina tana kiwo, ko ɗagowa ba ta yi ba. Wani ɗan zakin teku, dabbar nan mai shayarwa mai gashin baki da ƙafafun iyo, ya taho a guje har gaban gilashina, ya karkace, ya zagayo ta bayana, ya dawo. A cikin ruwa mita biyu ba a hannunka take ba. Abin da ya rage maka shi ne ka naɗe hannuwanka a ƙirji, kada ka taɓa.

A Tagus Cove, a gaɓar Isabela, akwai sunayen jirage a jikin dutse, wasu tun ƙarni na 19. Masu farautar kifin wel ne daga Ingila da Amurka, a zamanin da man kifin ke kunna fitilun biranensu. Kunkuru ne ke kawo su tudu. Kunkurun Galapagos kan wuce kilo 200, ya haura shekara 100, kuma yana iya yin watanni, har kusan shekara, ba ci ba sha. Ga matuƙin da ba shi da firji, wannan nama ne da ba ya lalacewa. Sai a kwaso su a jera cikin jirgi a rigingine, ana yanka ɗaya bayan ɗaya a tsawon tafiya. Mata aka fi ɗauka, don sun fi sauƙin ɗagawa, kuma su ke saukowa kusa da gaɓa yin ƙwai. An ƙiyasta sama da 100,000 aka kwashe ta haka. Jirgin Beagle da ya kawo Darwin ma ya ɗebi nasa guzurin. Na tsibirin Floreana sun ƙare tun wajen tsakiyar ƙarnin. A Floreana ɗin har yau akwai gangar da matuƙa ke jefa wasiƙa a ciki don jirgin da ke komawa gida ya ɗauka, baƙi suna raya al'adar da katin gaisuwa, ana dariya ana ɗaukar hoto. Ni dai na kasa raba gangar da abin da masu ita suka zo ɗiba.

Bayan wuƙar matuƙa kuma sai abin da mutane suka bari a baya: ɓeraye, aladu, maguna, jakuna, uwa uba awaki. A 1959 masunta suka saki awaki 3 a tsibirin Pinta don su riƙa samun nama. Cikin shekara goma sha kaɗan sun kai wajen 40,000, sun cinye tsibirin tas. A can aka tsinci kunkuru guda a 1971, namiji, na ƙarshen irinsa, wanda duniya ta sani da Lonesome George. Aka kai shi cibiyar bincike ta Charles Darwin a garin Puerto Ayora, aka yi shekara 40 ana nema masa zuriya ba a dace ba, ya mutu ranar 24 ga Yunin 2012.

A arewacin Isabela awaki sun hau dutsen Alcedo, babbar matattarar kunkuru, suka cinye itatuwan da ke tare hazo suna ɗigar da ruwa. Inuwa ta tafi, kududdufan da kunkuru ke kwanciya a ciki suka bushe. Daga 1997 zuwa 2006 aka gudanar da abin da aka kira Shirin Isabela. Aka ɗauko maharba da matuƙa jirage masu saukar ungulu daga New Zealand, ana harbi daga sama. Da awakin suka ragu suka koyi ɓuya, sai aka kama wasu aka hana su haihuwa, aka ɗaura musu na'ura a wuya aka sake su. Akuya ba ta zama ita kaɗai, duk inda ta riski 'yan uwanta na'urar za ta nuna. Sama da awaki 140,000 aka kashe a Isabela da Santiago da Pinta, akasarinsu aka bar su inda suka faɗi.

Na ba kawuna wannan labari ta waya bayan na dawo. Rayuwarsa duk a kan jar akuyar Sakkwato ya yi ta, yana kai su kasuwar Illela. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ko fatun ba a tsince ba?"

Na ce, "A kan duwatsun da ƙafa ba ta kaiwa suka faɗi, Kawu."

Ya yi salati. Ya ce, "To mene ne laifin akuya? Wanda ya kai ta ya saka shi ne mai laifi." Na ce haka ne. Can ya nisa ya ce, "Amma in ta faɗa gonar mutum, ba a tsayawa neman wanda ya sake ta kafin a fitar da ita."

Zubar da jinin dabba a bar nama ya ruɓe abu ne da tarbiyyarmu ba ta ɗauka, kuma har yanzu labarin yana mini ɗaci. Amma akuya tana ko'ina a duniya, kunkurun Alcedo kuwa a kan dutse ɗaya yake, in ya tafi babu kasuwar da za a sayo wani. Ina tare da waɗanda suka yanke shawarar. Cikin 'yan shekaru bayan tafiyar awakin itatuwa suka sake tsirowa a Alcedo da Santiago.

Española, can kudu maso gabas, ita ta nuna abin da haƙurin aiki ke iya dawowa da shi. A shekarun 1960 kunkuru 14 suka rage mata, mata 12 maza 2, a warwatse har ba sa haɗuwa. Aka tattara su aka kai Santa Cruz, daga baya aka ƙara musu namiji na uku, Diego, da aka ɗauko daga gidan namun dajin San Diego a Amurka. Ana ƙyanƙyasar ƙwai a ɗaki, a reni 'ya'yan har ƙoƙon bayansu ya yi ƙwari, sannan a mayar da su tsibirin. Kimanin 2,000 aka mayar ta haka, kuma a Yunin 2020 aka kai tsofaffin 15 gida aka rufe shirin.

Ba mu ga kunkurun Española ba, suna can ciki inda baƙo ba ya zuwa. Albatiros muka gani, a Punta Suárez. Kusan duk masu irinsa a duniya a wannan tsibiri suke yin ƙwai, daga Afrilu zuwa Disamba. Faɗin fikafikansa ya haura mita 2. A ƙasa da ƙyar yake tafiya, yana tangaɗi har ya kai bakin tsauni ya faɗa cikin iska, daga nan sai ka ga wani tsuntsu daban, yana shawagi ko fiffike ba ya kaɗawa. Miji da mata sukan zauna tare shekara da shekaru, in sun haɗu su yi ta buga baki da baki ana jin ƙarar daga nesa, su sunkuya, su zagaya juna, su sake. Na daɗe zaune a wurin. Tsuntsun yana cikin waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma abin da ya fi kashe shi ƙugiyoyin masunta ne a gaɓar Peru da Ekwado, inda yake zuwa kiwo, inda babu jagora babu mita biyu.

Kunkuru ido da ido sai a tuddan Santa Cruz, a gonakin mutane. Can sama ƙasar kore ce shar, da shanu da ayaba da kofi, kunkuru kuma suna bin tsohuwar hanyarsu ta hawa da sauka da sauyin yanayi, hanyar da ta girmi gonakin. Wasu manoman sun ɗage wayar ƙasa ta shingensu don su wuce, suna karɓar kuɗi daga baƙi masu zuwa kallo. Na tsaya kusa da wani babba yana tsinkar ciyawa, ina jin ƙarar tsinkewar. Da wani daga cikinmu ya matsa fiye da ƙima, sai ya ja kai ciki da dogon huci, iskar huhunsa ce ke fita don kan ya sami wuri. Iyakar abin da yake da shi na kare kai ke nan, kuma bai taɓa hana ƙarti huɗu ɗaga shi ba.

Mai kallon hotuna zai ɗauka babu mutane a Galapagos. Akwai kusan 30,000, mafi yawansu a Santa Cruz, musamman a Puerto Ayora, inda zakin teku da kwasakwasa ke tsaye a kasuwar kifi suna jiran abin da mai yanka zai zubar. Baƙi sun haura 300,000 a 2023, kuma kowane jirgin kaya da ke kawo musu abinci da mai ƙofa ce ga baƙin halittu. Wani ƙuda da ya shigo tsibiran yana zuba ƙwai a sheƙar ƙananan tsuntsaye, tsutsarsa na shan jinin 'ya'yansu. Mutanen wurin ma ba kullum suke shiri da hukuma ba. A 1995 masuntan da aka hana kamun wata halittar ƙasan teku mai tsada a kasuwannin Asiya sun mamaye cibiyar Darwin. Dokar 1998 ce ta kafa gandun teku, ta taƙaita ƙaura daga nahiya, ta fifita mazauna a wajen ɗaukar aiki. Jagoranmu ya ce wa'azin masana bai taɓa sauya ra'ayin mahaifinsa ba. Abin da ya sauya shi, ganin ɗansa yana ciyar da gida da nuna kifin shak mai rai. Manyan jiragen waje kuwa ba su daina ba, a 2017 aka kama wani na ƙasar Sin a cikin gandun da shak sama da 6,000 a cikinsa.

Saboda haka ba na yarda da masu tallar tafiyar in sun ce wuri ne da hannun mutum bai taɓa ba. Hannu ya taɓa shi har ya kusa kashe shi, kuma hannu ne ke riƙe da shi yau, da albashin masu gadi, da ɗakin ƙyanƙyasa, da jagoran da ke iya ce wa wanda ya biya dubban daloli ya ja da baya.

Mu ma muna da namu kunkurun. Babban kunkurun Sahel mai haƙa rami shi ne na uku a girma a duniya, bayan na Galapagos da na Aldabra a tekun Indiya, kuma ƙasarsa ta haɗa da Nijar da arewacin Nijeriya. A Amurka ana kiwonsa a gidaje, ana hayayyafa shi a nan tun bayan da aka hana shigo da shi a 2000 saboda kaskar da ke jikinsa. A dajinsa na asali kuwa kiwo da noma da masu kamawa sun jefa shi cikin jerin masu fuskantar ƙarewa. Wannan yana mini ciwo, musamman da yake an riga an gwada irin wannan aikin a wurinmu an ga amfaninsa.

Raƙuman dawan Afirka ta Yamma, da suka taɓa yawo daga Senegal zuwa tafkin Chadi, sun ragu zuwa kimanin 50 a 1996, duk a yankin Kure, kilomita 60 daga Yamai. Gwamnatin Nijar ta tsaurara hana farautar su, 'yan ƙauyukan suka yi ƙungiyar jagorori, ƙungiyoyi masu zaman kansu suka taimaka da rijiyoyi da ƙananan rance don manomin da aka cinye wa wake ya rage zafi. Suka haura 600, suna kiwo a cikin gonaki, mutum yana iya matsawa kusa da su da ƙafa. Harin 9 ga Agustan 2020, wanda ya halaka Faransawa 6 ma'aikatan agaji tare da direbansu da jagoransu 'yan Nijar, ya tsayar da baƙi, jagororin suka rasa abin da ke ciyar da su, alhali su ne idon da ke kan dabbobin. Kafin nan, a Nuwamban 2018, an ɗebi raƙuman dawa 8 a manyan motoci, tafiyar sama da kilomita 800, zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga irinsu ba. An ƙara musu 4 a 2022, kuma sun fara haihuwa a can.